Ruwan Taurarin Watan Agusta: Asalinsa da Hanyoyin Kallonsa da Ɗaukar Hotonsa

Tsakure

Duk shekara, daga tsakiyar watan Yuli zuwa wajen 24 ga Agusta, duniya takan ratsa ta cikin ɓurɓushin da wata tauraruwa mai wutsiya ta zubar a kan hanyarta. Idan ɓurɓushin ya shigo iskar da ta lulluɓe duniya sai ya ƙone, a riƙa ganin haske yana tsaga sama bi da bi, musamman a daren 12 zuwa wayewar garin 13 ga Agusta. Wannan maƙala ta bayyana asalin lamarin da tarihin gano shi, ta nuna lokacin da ya fi dacewa a kalle shi, ta auna abin da mai kallo daga Arewacin Nijeriya da Kudancin Nijar zai iya sa ran gani, sannan ta fayyace matakan ɗaukar hotonsa da hanyar tantance hoton gaskiya daga na kuskure.

Fitilun kalmomi: ruwan taurari, tauraruwa mai wutsiya, maɓuɓɓuga, farin wata, ɗaukar hoto

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami wanda ya taɓa kwana a tsakar gida bai ga wani haske ya keta sama cikin ƙiftawar ido ya ɓace ba. Bahaushe kan ce tauraro ya faɗi, kuma da yawa kan danganta abin da jifan shaiɗanu, bisa ambaton shihabi da ya zo a surori irin su Hijri da Saffati da Jinni. Wannan maƙala ta taƙaita ne a kan ɓangaren da ido da na'ura suke iya aunawa. A yawancin darare, mai haƙuri zai ga irin wannan haske 'yan ƙalilan a cikin sa'a guda. Akwai kuma wasu darare sanannu a shekara da adadin kan ninka sau da yawa, har ya zama kamar yayyafi. Wannan shi ne ruwan taurari. Mafi shahara a cikinsu shi ne na watan Agusta, wanda littattafan ilimin taurari suke rubuta sunansa Perseids. Shahararsa ta samo asali ne daga zuwansa a lokacin ɗumi a Turai da Amurka da Gabashin Asiya, inda mutane kan fita filaye su kwana suna kallo. A ƙasar Hausa kuwa yana zuwa ne a tsakiyar marka, kuma wannan bambanci yana da tasiri a kan duk shirin da mai kallo zai yi.

2.0 Mene ne Yake Faɗowa?

Abin da ake gani ba tauraro ba ne. Taurari manyan halittu ne irin rana, kuma nisan da ke tsakaninsu da duniya ya wuce misali. Abin da ke haskawa ɗan ɓurɓushin dutse ne da ƙura, mafi yawansa bai wuce ƙwayar rairayi ko ta gero ba, manyansa kuma kamar ƙwayar wake. Haskensa ya samo asali ne daga gudunsa. Ɓurɓushin Agusta yana shigowa da gudun kilomita 59 a daƙiƙa guda, wato zai iya cinye tafiyar Kano zuwa Kaduna cikin daƙiƙa huɗu. Da wannan gudu, ƙwaya mai nauyin giram ɗaya tana ɗauke da ƙarfin da ya yi daidai da na mota mai nauyin tan guda da ke gudun kilomita 212 a sa'a. Idan ta daki iska a tsayin kilomita 80 zuwa 110 daga ƙasa, sai ta yi zafi ta narke ta zama tururi, iskar da ke kewaye da ita ma ta ɗauki haske. Duk wannan kan auku ne cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Wasu masu ƙarfi kan bar sawu mai kama da hayaƙi, ya ɗan jima kafin ya baje.

Ya kamata a bambanta wannan da dutsen da kan faɗo har ƙasa. A ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo kusa da Zagami, cikin Jihar Katsina ta yau, kuma bincike ya tabbatar daga baya cewa daga duniyar Mas ya fito. Irin wannan dutse ne mai tauri da girma. Ɓurɓushin Agusta kuwa mai rauni ne, kuma gudunsa ya yi yawa, saboda haka yakan ƙone ƙurmus tun yana can sama. Mai kallo ba ya cikin wani haɗari daga gare shi.

3.0 Tauraruwar da ta Haife Shi

Tauraruwa mai wutsiya dunƙulen ƙanƙara ce da ƙura da ke kewaya rana a kan doguwar hanya. Duk lokacin da ta kusanci rana, zafi kan narkar da bayanta, ƙura da tsakuwa su ɓalle su bazu a kan hanyar, kamar yadda buhun da ya huje kan zubar da hatsi a duk inda aka bi da shi. Wadda ta haifi ruwan taurarin Agusta ita ce Swift-Tuttle, mai faɗin kimanin kilomita 26, wadda take kammala zagayenta cikin shekara 133. Wasu Amurkawa biyu, Lewis Swift da Horace Tuttle, suka gano ta a watan Yulin 1862, kowanne a nasa ɓangaren. Wani mai sha'awar taurari ɗan ƙasar Japan, Tsuruhiko Kiuchi, ya sake hango ta a watan Satumban 1992, ta kuma kai ƙarshen kusancinta da rana a Disamban wannan shekara. Ana sa ran dawowarta a 2126.

Mutane sun daɗe da lura da hasken kafin su san asalinsa. Marubutan tarihi na ƙasar Sin sun rubuta labarinsa tun shekara ta 36 Miladiyya. Kiristocin Katolika a Turai sun laƙaba masa sunan hawayen Waliyyi Lorans, saboda ranar tunawa da shi ta faɗo a 10 ga Agusta. A shekarun 1830 masana irin su Adolphe Quetelet na Beljiyam da Edward Herrick na Amurka suka tabbatar da cewa abin yana maimaituwa duk shekara. A 1866 kuma Giovanni Schiaparelli na Italiya ya lissafa hanyar da ɓurɓushin yake bi, ya ga ta yi daidai da ta tauraruwar 1862. Wannan ne karo na farko da aka haɗa wani ruwan taurari da tauraruwa mai wutsiya.

Tun da duniya tana isa wuri ɗaya a falakinta a lokaci ɗaya kowace shekara, kwanakin ba sa sauyawa. Yawan ne kan sauya, domin ƙurar ba ta bazu daidai-wa-daida ba, kuma jan duniyar Jufita kan karkatar da wani sashe nata zuwa hanyar duniya, kamar yadda ya faru a 2016, lokacin da adadin ya zarce na yau da kullum. Lamarin yana da muhimmanci ga masu kula da kumbuna. A Agustan 1993, ƙasa da shekara guda bayan wucewar tauraruwar, hukumar NASA ta jinkirta harba kumbon Discovery saboda tsoron ƙaruwar ɓurɓushin. A cikin kwanakin kuma tauraron ɗan'adam na Turai mai suna Olympus ya ƙwace daga hannun masu sarrafa shi, ana kyautata zaton wata ƙwaya ce ta same shi.

4.0 Maɓuɓɓuga da Lokacin Kallo

Idan aka bi sawun kowane haske aka koma baya, za a tarar duk sun haɗu a wuri ɗaya a sama. Wannan wuri shi ne maɓuɓɓuga. A zahiri ɓurɓushin yana tafiya ne a jere, babu mai haɗuwa da wani. Ido ne ke nuna haka, kamar yadda wanda ya tsaya a bakin doguwar gona kan ga kunyoyi suna neman haɗewa a can ƙarshe. Maɓuɓɓugar ruwan Agusta tana gefen arewa na rukunin taurarin Farsiyus, inda sunan ya samo asali. Mai kallo daga ƙasar Hausa zai iya gane wurin ta hanyar Kaza da 'Ya'yanta. Idan ya fuskanci gabas da ƙarfe 3 na dare ya ga Kaza ta ɗago, maɓuɓɓugar tana hagu da ita, wajen arewa maso gabas, ƙasa kaɗan da wasu taurari biyar masu siffar harafin W.

Bayan tsakar dare ne kallo ya fi armashi, saboda dalilai biyu. Na farko, maɓuɓɓugar tana ƙara hawa har zuwa asuba. Na biyu, duniya tana gudun kusan kilomita 30 a daƙiƙa a kan falakinta, kuma ɓangaren da gari ke shirin wayewa shi ne ke fuskantar gaba. Duk wanda ya taɓa tafiya a mota cikin ruwa ya san gilashin gaba ya fi na baya jiƙewa.

Alƙaluman da kafafen watsa labarai kan yaɗa, cewa za a ga ɗari a sa'a guda, suna buƙatar bayani. Ma'auni ne da ya ɗauka cewa maɓuɓɓugar tana tsakar ka, sama ta yi fes, kuma duhu ya kai matuƙa. Idan maɓuɓɓugar tana kan digiri 30 daga ƙasa, adadin kan ragu zuwa rabi. A Kano, wadda take kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, maɓuɓɓugar tana ɓullowa da misalin ƙarfe 11 na dare, kuma iyakar hawanta digiri 44 ne, wanda take kaiwa daidai fitowar rana. A Agadas takan kai kusan digiri 49. Da ƙarfe 4:30 na asuba tana wajen digiri 40 a Kano, wato kusan kashi 64 cikin ɗari na adadin da aka ambata. Idan aka ƙara da ɗan hasken gari ko laima a iska, wanda zai ɓoye raunanan taurari, sai adadin ya koma wajen 30 a sa'a. Wannan yana nufin haske ɗaya cikin kowane minti biyu, kuma ba a jere suke zuwa ba: akan yi minti biyar shiru, sannan uku su biyo juna.

5.0 Wata da Gajimare da Hasken Gari

Rashin farin wata, tauraro ke haske, in ji masu iya magana, kuma babu inda maganar ta fi dacewa kamar nan. Cikakken wata yana shafe mafi yawan raunanan haske. Mai bin lissafin watan Musulunci yana da sauƙin sanin shekarar da za ta yi kyau. Idan 12 ga Agusta ta faɗo daga 27 ga wata zuwa 7 ga mai kamawa, daren zai yi duhu, domin ko dai babu wata, ko kuma zai faɗi kafin tsakar dare. Idan ta faɗo daga 12 zuwa 22 ga wata, haske zai ɓata kallo. Tun da shekarar wata tana gaza ta rana da kimanin kwana 11, kyakkyawar dama kan zagayo kusan duk bayan shekara uku. A 2025 wata ya cika a 9 ga Agusta. A 2026 kuwa 12 ga Agusta daidai take da ƙarshen watan Safar na 1448, ranar da ta dace da cikakken kusufin rana a ƙasashen Ayislan da Sifen.

Babban cikas a ƙasar Hausa shi ne gajimare. Agusta shi ne watan da ya fi kowane ruwa a Kano da Sakkwato da Katsina da Damagaram, kuma ana iya kwana uku ba a ga tauraro ba. Sai dai marka tana da nata alheri. Idan aka yi ruwa da yamma, gari ya washe bayan tsakar dare, iska kan wanku daga ƙura, taurari su fito tar fiye da yadda suke yi a cikin hazon hunturu. Saboda haka kuskure ne a ɗora buri a kan dare ɗaya. Daga 10 zuwa 14 ga Agusta akwai abin gani, kuma gwargwadon yadda aka nausa arewa, gwargwadon yawan dararen da babu gajimare.

Ta fuskar hasken gari kuwa, yankin Sahel yana da abin da wasu suka rasa. Taswirar hasken dare ta duniya da aka wallafa a 2016 ta nuna cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na mutanen duniya suna zaune ne ƙarƙashin saman da fitilu suka dusashe, ta kuma sanya Chadi cikin ƙasashen da abin ya fi ƙaranci. Duk da haka, fitilun titi masu aiki da hasken rana suna ƙaruwa har a ƙauyuka, kuma fitila ɗaya a gaban ido ta isa ta ɓata kallo.

6.0 Shirin Mai Kallo

Ba a buƙatar tabarau mai hangen nesa, domin yana taƙaita fili, hasken kuma yana iya ɓullowa ta ko'ina. Abin buƙata shi ne buɗaɗɗen wuri, tabarma ko kujerar kishingiɗa, da mayafi saboda sanyin asuba. Ido yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, duban fuskar waya sau ɗaya kuma yana rushe wannan sabo. Idan haske ya zama dole, sai a rufe bakin tocila da jan ƙyalle, domin jan haske bai cika dame ido ba. Ba maɓuɓɓugar ake zuba wa ido ba, saboda hasken da ke kusa da ita gajere ne. An fi son a dubi gefe da ita da kamar digiri 40, a tsakanin ƙasa da tsakar ka.

Damina lokacin sauro ce da macizai da kunamu, don haka rufaffen takalmi da maganin sauro suna cikin kayan aiki. Halin tsaro a wasu yankuna bai bar damar shiga daji da dare ba. Saman soro, ko filin makaranta, ko bayan gari kusa da gidaje sun wadatar, kuma yana da kyau a sanar da mai unguwa da masu sintiri, a kuma fita cikin ayari.

7.0 Ɗaukar Hoto

Babu mai saurin hannun da zai ga hasken sannan ya danna kamara ya same shi. Dabarar ita ce a bar kamara a buɗe tana shan haske, hoto bayan hoto, da fatan wani zai gifta ta gabanta. Aiki ne irin na mai kafa tarko.

Abu na farko shi ne madogari mai ƙafa uku, domin ɗan motsi kaɗan yana ɓata hoto. Na biyu, gilashi mai faɗin gani, daga milimita 14 zuwa 24, wanda za a buɗe idonsa sosai, f/2.8 ko abin da ya fi haka buɗewa. Na uku, a ɗaga ma'aunin ISO zuwa tsakanin 1600 da 6400, gwargwadon duhun wurin da ƙarfin kamarar. Na huɗu, a kashe saitin da kamara ke yi da kanta, a nemi tauraro mai haske, a faɗaɗa shi a fuskar kamara, a murɗa gilashin da hannu har sai ya zama ɗan ɗigo mafi ƙanƙanta, sannan a manne wurin da salatif don kada ya goce. Na biyar, a ajiye hotunan a tsarin RAW, wanda yake adana bayanan da za a buƙata wajen gyara.

Tsawon lokacin buɗewa yana da iyaka, saboda sama tana juyawa digiri 15 a kowace sa'a, kuma idan aka daɗe taurari kan koma zare-zare. Masu ɗaukar hoto suna da wani ƙiyasi: a raba 500 da tsawon gilashin. Gilashin milimita 20 zai ba da daƙiƙa 25 a babbar kamara. Ga kamarorin zamani masu kaifi, ragewa zuwa daƙiƙa 15 ko 20 ya fi. Tsawaita lokaci ba ya ƙara wa hasken da ya gifta komai, tun da bai kai daƙiƙa guda ba, sai ma ya ƙara hasken bayan fage ya dusashe shi. Da daƙiƙa 20, za a sami hoto kusan 180 a sa'a, wato 540 cikin sa'a uku. Wannan yana buƙatar katin ajiya mai faɗi, da batir na biyu, da na'urar da ke danna kamara da kanta. Daga cikin ɗaruruwan nan, idan an dace goma ko ashirin za su fito da abin da ake nema, domin kamara ba ta kama raunanan da ido ke gani.

Raɓa babbar matsala ce a damina. Takan kwanta a kan gilashi bayan tsakar dare, mai kamara bai sani ba, sai da safe ya tarar rabin aikinsa ya tafi a banza. Akwai ɗan maɗauri mai ɗumama gilashi da ake jona wa batirin cajin waya. In babu shi, sai a riƙa dubawa duk bayan minti 15. Hoton ya fi kyau idan aka sa wani abu na ƙasa a gindinsa, kamar kuka ko giginya ko rumbu, domin shi ke nuna girman sama da inda aka tsaya. Wayoyin zamani masu saitin dare ko saitin hannu ma suna iya kama manyan haske idan aka kafe su wuri ɗaya.

8.0 Tantance Hoto da Adana Bayani

Ba duk zaren haske ne ake nema ba. Jirgin sama yana barin ɗige-ɗige saboda fitilunsa masu ƙyaftawa. Tauraron ɗan'adam yana barin farin layi mai kauri ɗaya, ko mai kumburi daidai tsakiya, kuma yakan ci gaba a hoto na biyu da na uku. Irin waɗannan sun yawaita tun da aka fara harba jerin Starlink a 2019, kuma an fi ganin su gab da asuba. Na gaskiya yana fitowa a hoto ɗaya tak, yana farawa siriri ya yi kauri wajen ƙarshe, sau da yawa da launi kore-kore a farkonsa, kuma idan aka ja layinsa baya zai nufi maɓuɓɓuga. Hotunan da kan nuna haske talatin a sama ɗaya haɗi ne na hotunan dare guda. Babu laifi a yin haka, amma amana ce a faɗa, don kada mai gani ya fita da tsammanin abin da ido ba zai taɓa gani ba.

Mai kallo yana iya zama mai taimaka wa ilimi ko da ba shi da kamara. Zai rubuta wurin da yake, lokacin farawa da gamawa, yawan gajimare, mafi raunin tauraron da yake iya gani, da adadin da ya ƙirga a kowane minti 15, yana ware waɗanda ba daga maɓuɓɓugar suka fito ba. Ana rubuta lokaci da agogon GMT, wanda Nijeriya da Nijar suke gaba da shi da sa'a ɗaya. Ƙungiyar IMO, wadda aka kafa a 1988, tana tattara irin waɗannan rahotanni don auna kaurin ƙurar shekara bayan shekara. Mafi yawan rahotannin daga Turai da Amurka da Gabashin Asiya suke fitowa, don haka ƙidayar da aka yi da kyau daga Daura ko Maraɗi tana da daraja, musamman a daren da gajimare ya rufe Turai.

9.0 Kammalawa

An ga cewa ruwan taurarin Agusta ɓurɓushin Swift-Tuttle ne da ke ƙonewa a saman iska, cewa lokacinsa mafi kyau a ƙasar Hausa shi ne daga ƙarfe 2 na dare zuwa kiran assalatu, kuma nasarar kallonsa ta dogara ne da kwanan wata da gajimare da nisantar fitila. Wanda marka ta hana shi gani yana da wata dama a daren 13 zuwa 14 ga Disamba, lokacin ruwan taurarin Jeminid. Wannan ya fito ne daga dutsen sama mai suna Phaethon da aka gano a 1983, gudunsa kilomita 35 ne a daƙiƙa, yawansa yana kai na Agusta ko ya ɗara, maɓuɓɓugarsa kuma tana hawa har kusan digiri 69 a Kano da misalin ƙarfe 2 na dare. In dai hazo bai yi kauri ba, kayan aiki da dabarun da aka bayyana a sama su ne za su yi amfani a can ma.